Sammacin da Ya Tsallaka Gada

A babbar kotun garin, idan takarda ta gagari kowa, Baba Masinja ake miƙa wa. Ya kusa shekara talatin yana kai sammaci. Rajistarori da yawa sun zo sun tafi, kuma babu wanda ya taɓa jin ya dawo da takarda ya ce bai samu mai ita ba. Gajere ne mai ɗan tumbi, da irin fuskar da ba ta tsorata ko jariri. Idan zai fita aiki ba ya sa kayan ma'aikata. Tsohuwar riga yake zurawa, ya naɗe takardar cikin jarida, ya hau babur ɗinsa wanda rajistara yake cewa ya fi mai shi tari.

Yana da ƙa'idojinsa da ba a rubuta a ko'ina ba. Ba ya ba mutum sammaci a gaban 'ya'yansa, kuma ba ya ba shi yana cin abinci. Ba ya barin takarda wurin mata ko maigadi, sai hannun mai ita. Abin da ya fi iyawa shi ne jira. Akwai wani ɗan kwangila da ya yi ta zille masa, sai ya bi shi shagon aski, ya shiga layi a bayansa, ya zauna aka yi masa ƙwal-kwabo alhali bai yi niyyar aski ba, sannan da suka fito tare ya miƙa masa takardar ya ce ya yi haƙuri. Har yau idan sabon ma'aikaci ya zo, wannan labarin ake fara ba shi.

Da shara ya fara aiki a kotun, da takardar firamare kawai a hannunsa. Abin da ya sani na shari'a a bakin taga ya tsince shi, yana riƙe da tsintsiya yana sauraren lauyoyi. Bai taɓa cewa ya san doka ba. Abin da yake cewa shi ne alƙali yana da baki, shi kuma yana da ƙafa, kuma duk abin da bakin ya faɗa ƙafar za ta kai.

Garin yana bakin kogi ne, ƙetaren kogin kuma wata ƙasa ce. Gada ɗaya ta haɗa su, da shinge a kowane baki. Mutanen gari suna nuna kati su wuce cin kasuwa, suna auratayya, harshe ɗaya suke ciniki da shi. Amma gwamnati biyu ce, kowace da harshen da take rubuta takardunta, kowace da kotunanta da 'yan sandanta. Aikin Baba Masinja a bakin shingen farko yake ƙarewa. Ya san da haka tun yana matashi, kuma abin bai taɓa damunsa ba sai da maganar wani mutum da ake kira Manaja ta taso.

Manaja ya buɗe ofis ne a kan babban titi, da gilasai da kujeru masu laushi. Yana karɓar ajiyar mutane da sunan shigo da kayan wutar sola, yana ba su riba duk wata. An jima ana biya ba fashi. Cikin waɗanda suka kai nasu har da Yaya, yayar matar Baba Masinja, tsohuwar ungozoma a asibitin gwamnati. Ita ta riƙe matarsa bayan rasuwar mahaifiyarsu. Lokacin da ya zo neman aure da albashin mai shara, dangi suna yatsina fuska, ita ce ta ce a ƙyale yaro. Duk 'ya'yansa a hannunta suka faɗo. Shi ya sa har furfura ta kama shi bai iya zama a kujera idan tana falon, sai ya sauko kan tabarma.

Yaya ta zuba kuɗin sallamarta gaba ɗaya. Da yake mace ce da aka yarda da ita, sai nas-nas da masu goge-gogen asibiti da matan da ta karɓi haihuwarsu suka bi sahunta. Wata safiya aka tarar da kwaɗo a ƙofar ofishin, kujerun ma an kwashe.

Manaja bai yi nisa ba. Ɗan ƙetaren kogin ne dama, sai ya koma gida ya buɗe shagon tayil a kan titin da kowa yake bi zuwa kasuwa. 'Yan kasuwa sukan dawo su ce wa Yaya sun ga mutuminta, ya ƙara ƙiba, har ya ɗaga musu hannu.

Gwamnati ta shigar da ƙara. Wadda aka ba shari'ar wata lauya ce matashiya, siririya mai tabarau, da ba ta cika dariya ba. Ta tara matan a barandar kotu ta yi musu bayani. Ta ce kotun nan ba ta da iko a ƙetaren gada. Idan ana son a kama Manaja, ko a rufe asusunsa, ko ma a miƙa masa sammaci kawai, sai an roƙi ƙasarsa. Roƙon zai tashi daga kotu zuwa ma'aikatar shari'a a babban birni, daga can zuwa ma'aikatar harkokin waje, sai ofishin jakadanci, sai ma'aikatar shari'ar ƙasarsu, sannan ya gangaro zuwa kotun da ke ƙetaren kogin, wadda ana hango rufinta daga inda suke tsaye. Wata tsohuwa ta tambaya ko takardar da ƙafa take tafiya. Aka yi dariya, ban da lauyar.

Roƙon farko ya dawo saboda ba a fassara shi zuwa harshen gwamnatinsu ba. Na biyu ya dawo saboda hatimi ɗaya bai hau ba. Duk ranar zama sai matan su cika benci, a kira shari'a, a ce wanda ake ƙara ba ya nan kuma ba a kai masa sammaci ba, a ɗage. Baba Masinja yana tsaye a bakin ƙofa yana jin wannan kalma, ba a kai masa ba, kamar da shi ake. Damina biyu suka wuce a haka. Biyu daga cikin matan suka rasu. Wata ta cire 'yarta daga makarantar koyon jinya. Yaya kuwa ta daina zuwa asibitin da ta yi wa aiki ko da duba mara lafiya, don ba ta son haɗa ido da masu goge-gogen da ta kai.

Bayan kowane zama gidan Baba Masinja take biyowa ta huta kafin ta wuce. Wata rana tana falo, ƙafafunta sun kumbura tana matsa su, shi yana kan tabarma yana gyara fitilar babur. Ba shi ta kalla ba. Ƙanwarta ta kalla, ta ce, "Ni dai a da ina jin ana cewa akwai wani mutum a gidan nan da ba a ɓuya masa. Ashe ban da masu sayar da tayil."

Matarsa ta yi dariyar yaƙe ta ce Yaya ba ta rabo da tsokana. Shi kuwa ya sunkuya kan fitilar. Ya ci gaba da murɗa ƙusar da ta riga ta ɗauru.

Shi ne yake kulle ofishin rajistara idan an tashi, don haka makullin kabad yana hannunsa. Ya san fayil ɗin, ya san a cikinsa akwai kwafin sammacin da alƙali ya sa wa hannu, wanda aka ajiye ana jiran amsar ƙetare. A ranar ƙarshe ta aikin mako ya zare shi ya naɗe cikin jarida. Ya gaya wa kansa cewa takarda ce ta alƙali, kuma kai takardar alƙali shi ne aikinsa. Ya san akwai hanyar da aka ce a bi. Amma ya sha ganin takardu sun hau wannan hanyar ba su dawo ba, kuma a ransa ya ɗauka idan mutum ya karɓi sammaci ya sa hannu, magana ta ƙare, ko a ina ya karɓa.

Washegari da hantsi ya hau gada. Jami'in shinge ya kalli katinsa ya ce kasuwa za shi? Ya ce kasuwa.

Shagon yana da faɗi, tayil jere a bango kala-kala, fanka tana juyawa. Ya tsaya a tsallaken titi sai da masu ciniki suka ragu, ya tabbatar babu yaro a ciki, babu kwanon abinci a gaban mutumin, sannan ya shiga ya yi sallama. Ya yi tsammanin gudu, ko zagi, ko a ce Manaja ya fita alhali ga shi zaune. Duk ya saba da waɗannan. Abin da ya tarar daban ne. Manaja ya karanta takardar a tsanake har ƙarshe, ya juya bayanta, ya ɗago yana murmushi. Ya jawo masa kujera, ya sa aka kawo ruwa mai sanyi. Ya tambaye shi ko shi ma'aikacin kotun ne da kansa, ya ce eh, ya ma nuna masa katin aiki. Ya tambaye shi yaushe aka fara neman sa ta wannan hanyar, ya ce ai an daɗe, takardu sun tafi babban birni har sau nawa. Manaja ya gyaɗa kai, ya sa hannu ba musu, ya rubuta kwanan wata da kyau.

"Baba, mutum irinka ya tako har ƙasarmu, ai ba a rabu haka ba," in ji shi. "Zo mu yi hoto."

Maƙwabcin shago ya ɗauke su da waya a bakin ƙofa, allon shagon a samansu da sunan titi, tutar ƙasar tana leƙowa daga ofishin da ke gefe. Manaja ya riƙe takardar ta gefe ɗaya, ya sa shi ya riƙe ɗaya gefen. Baba Masinja ya gyara hula, ya turo ƙirji.

Da ya dawo, gidan Yaya ya zarce. Ya durƙusa ya ajiye takardar a gabanta ya nuna mata sa hannun. Ta daɗe tana kallo, sannan ta share ido da bakin mayafi ta yi ta sa masa albarka. Kafin rana ta faɗi labari ya zaga. Mata suka yi ta shigowa gidansa suna yi wa matarsa barka, suna cewa abin da ya gagari masu digiri ga shi Baba ya yi shi kafin azahar. Ya zauna a ƙofar gida yana amsa gaisuwa yana cewa ai ba komai, aiki ne.

Ranar da aka koma aiki ya ajiye takardar a teburin rajistara, ya ja baya yana jiran barkwancin da ya saba. Rajistara ya kalli sa hannun, ya kalli adireshin, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Bai yi wasa ba. Ya ɗaga waya ya kira lauyar.

Ta zo ta rufe ƙofa da kanta. Ta tambaye shi a ina ya ba shi, ya faɗa. Ta tambaye shi me da me suka tattauna, ya faɗa, har da hoton. Ta zauna a kan kujerar baƙi. Sannan ta gaya masa abin da mutum uku kawai suka sani a duk ginin. Roƙo na uku ya shiga. Ƙasar ƙetare ta amince, alƙalinsu ya sa hannu a rufe asusun Manaja, 'yan sandansu kuma suna shirin ɗaukarsa cikin 'yan kwanaki. An ɓoye maganar ne don kada ta kai kunnensa.

"Baba," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa, "kai ka je ka gaya masa."

Ya ce ranki ya daɗe. Ya tsaya yana kallon igiyar fayil ɗin da ke kan tebur.

Abin da ya biyo baya bai ɗauki lokaci ba. Kafin umarnin rufe asusu ya isa bankuna, an kwashe abin da ke ciki an tura wata ƙasa ta uku. Manaja ya ɗauki lauya ya kai kansa kotun garinsu, ya amsa ƙaramin laifi na karɓar ajiyar jama'a ba lasisi, aka ci shi tara ya biya a take. Daga nan lauyoyinsa suka fara cewa an riga an hukunta shi a kan wannan magana, ba a hukunta mutum sau biyu. Ma'aikatar shari'ar ƙasar kuma ta aiko da ƙorafi mai zafi, cewa wata kotun waje ta turo ma'aikacinta ya yi aikin hukuma a cikin ƙasarsu ba izini, don haka sun dakatar da duk wani taimako sai an yi musu bayani. A nan gida wani babban lauya ya bayyana da sunan Manaja, ya nemi a kori ƙarar gaba ɗaya, tunda a cewarsa kotu da kanta ta taka doka. Hujjarsa ita ce hoton.

Baba Masinja ya ci gaba da zuwa aiki, amma ya daina shiga ta babbar ƙofa. Ta bayan gini yake zagayawa, inda ake ajiye janareta. Mai shayin bakin kotu, wanda suka shekara suna tsokanar juna, ya aiko a tambaya ko bashi yake gudu. Bai je ba. A gida yakan ce ya ƙoshi. Matan kuwa ba su san komai ba tukuna, idan sun gamu da shi a hanya har rusunawa suke yi.

Lauyar ta kira shi ofishinta ta ce ƙofa ɗaya ta rage. Idan aka tabbatar cewa kotu ba ta aike shi ba, shi ya yi gaban kansa, to abin da ya yi ba aikin kotu ba ne. Ƙarar za ta tsira, kuma za a samu abin da za a rubuta wa ƙasar ƙetare. Amma sai ya tsaya gaban alƙali ya yi rantsuwa ya faɗa da bakinsa cewa ya buɗe kabad ya ɗauki takarda ba da iznin kowa ba. Ta ce ba za ta ɓoye masa ba, aikinsa zai iya tafiya, kuma ba za ta tilasta shi ba.

Rajistara ya ja shi gefe ya kawo wata dabara. Ya ce a ce kuskuren ofis ne, takardar ta faɗa cikin tarin da ake ba shi kullum, shi kuma ya kai ba tare da ya lura ba. Laifi idan ya watsu a kan mutane da yawa ba ya kashe kowa, in ji shi, za a ba kowa takardar gargaɗi a wuce wurin. Baba Masinja ya tambaye shi, idan aka ce haka, ofis ne ya aike shi ke nan? Rajistara ya ce haka ne. Ya ce to ƙarar fa? Rajistara ya ɗaga kafaɗa ya ce ƙarar da ma numfashinta sama-sama yake.

Matarsa ta fi kowa tsayawa a kan ya bi ta rajistara. Ta tuna masa saura ƙiris ya yi ritaya da mutuncinsa, ga auta bai gama makaranta ba, ga rufin ɗaki yana yoyo. Ta ce kuɗin Yaya sun riga sun tafi, ko ya yanka kansa ba za su dawo ba. Sannan ta ce, "Malam, ka tsallaka gada ba ka yi shawara da ni ba. Wannan karon dai ka ji tawa."

Ya ce ya ji. Amma da safe ofishin lauyar ya fara zuwa.

Ranar zaman, kotun ta cika. Shekara da shekaru yana kiran shaidu su hau wurin tsayuwa, bai taɓa sanin katakon yana motsi a ƙarƙashin ƙafa ba sai ranar. Da harshen gwamnati aka yi zaman, wanda yake ji daidai gwargwado, yawancin matan kuwa ba sa ji. Lauyar ta yi masa tambayoyi gajeru. Wa ya aike shi? Babu. Wa ya ba shi takardar? Shi ya ɗauka. Da wane makulli? Da wanda aka ba shi amana.

Sannan lauyan Manaja ya miƙe, dogo mai sanyin murya. Ya sa aka miƙa hoton, an wanke shi babba, ya zaga daga hannun alƙali zuwa na rajistara, ya iso gare shi. Ya ga kansa da hula a karkace, ƙirji a gaba, yana washe baki kamar wanda aka ba kyauta. Lauyan ya tambaye shi ko ya san akwai hanyar da doka ta tsara don irin wannan takarda. Ya ce ya sani. Lauyan ya ce to me ya hana shi barin ta ta bi hanyarta?

"Na ga ta yi nisa ne, ya mai shari'a."

Wasu matasan lauyoyi suka ƙyalƙyale, alƙali ya ɗaga ido suka yi tsit. Lauyan ya ci gaba. Ya tambaye shi me ya gaya wa jami'in shinge. Ya ce kasuwa. Ya je kasuwar? Bai je ba. Wato ya yi wa jami'in wata ƙasa ƙarya, bayan ya buɗe kabad ɗin kotu a ɓoye? Ya ce haka ne. Lauyan ya tambaya ko yana da dangi cikin masu ƙorafi. Ya ce yayar matarsa. Bai waiwaya ba, amma ya san bencin da take.

Alƙali ya yanke cewa sammacin da aka kai ba shi da inganci, kamar ba a kai ba. Ya ce kotu ba ta aiki kowa ba, don haka ba za a ɗora mata abin da wani ya yi da gaban kansa ba. Ya ƙi korar ƙarar, ya umarci a sake tura roƙo tare da kwafin wannan hukunci. Maganar masinja kuma ya miƙa ta ga kwamitin ladabtarwa. Kwamitin bai ja ba. Aka rage masa matsayi, aka yi masa ritayar dole. Ya mayar da katin aiki da makulli, ya fita da babur ɗinsa ta baya.

Amsar ƙetare ta zo bayan wasu watanni, a taƙaice. Sun karɓi bayanin. Ba sa miƙa ɗan ƙasarsu ga wata ƙasa, amma za su duba ko zamba laifi ne daban da rashin lasisi, idan haka ne su gurfanar da shi a can, shaidu su riƙa tsallakowa. Game da kuɗin, sai an roƙi ƙasa ta uku, ita ma ta hanyarta. Lauyar ta ce wannan ya fi babu. Ba ta ce ya fi da yawa ba.

Abin da ya fi ritayar ci masa rai shi ne yadda matan suka fahimci maganar. A wurinsu, Baba ya yi jarumta, manya sun ci kuɗin Manaja, shi ya sa aka kore shi. Haka ake faɗa a asibiti, haka ake faɗa a bakin famfo. Suka haɗa hannu suka aiko masa da buhun shinkafa da galan ɗin mai, matan da wasunsu sau ɗaya suke ɗora tukunya a yini. Buhun ya zauna a bayan ƙofa, ya hana a kwance bakinsa. Matarsa ta ce ya bar su da abin da suka ɗauka, wa zai cutu? Yaya kuwa, wadda aikin asibiti ya koya mata harshen gwamnati kuma ta ji komai a kotu, ba ta gyara musu labarin ba, ba ta kuma sake biyowa gidan ba.

Matan suna taruwa a tsakar gidan Yaya duk ƙarshen wata don jin inda aka kwana. A taron da ya biyo baya ya ɗaura buhun da galan a bayan babur ya je. Da suka gan shi suka hau yi masa maraba, wata ta tashi ta ba shi kujerarta. Bai zauna ba. Ya sauke kayan a tsakiyar fili, ya cire hula ya riƙe ta da hannu biyu.

Ya yi magana a hankali, idonsa a kan siminti. Ya ce babu wanda ya ci kuɗin kowa. Ya ce lokacin da ya tsallaka, an riga an sa hannu a rufe asusun mutumin, 'yan sanda suna dab da kama shi, kuma shi ne ya je ya farkar da shi, har ya sha masa ruwa. Wata daga baya ta ce ai bai sani ba. Ya ce bai san wannan ba, amma ya san an ce a jira.

"Da na zauna a inda aka ajiye ni," in ji shi, "da yanzu wataƙila wani abu ya dawo hannunku. Ku yafe mini idan za ku iya. Wannan kayan kuma ban cancance su ba."

Wani jariri ya fara kuka a bayan uwarsa. Matar da ta cire 'yarta daga makaranta ita ta fara tashi. Ta gyara mayafi, ta bi ta gefensa ta fita ba sallama. Wasu suka bi ta. Wata tsohuwar mai goge-goge ta tsaya a gabansa kamar za ta yi magana, sai ta girgiza kai ta ce Allah ya kyauta, ta wuce. Kaɗan suka ce sun yafe, su ma ba su daɗe ba. Babu wadda ta taɓa buhun.

Aka bar shi da Yaya da kujerun roba a warwatse. Ta daɗe tana kallon ƙofar da suka fita.

"Da ka bar su da labarinsu," in ji ta. "Ko ba komai suna da wanda suke yabo."

Ya ce ba zai iya ba, Yaya.

"Ni na kai su wurin Manaja. Ni kuma na zauna a falonka na yi maganar da na yi, ina sane." Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar. "Lauya ta ce idan sun buɗe shari'ar a can, za a nemi shaidu su tsallaka, kuma rabinsu ba za su yarda su sake bin bayana ba. Gobe zan fara bin su gida-gida. Ƙafata ba ta kai ni, kai za ka ɗauke ni."

Ya ce wasu ba za su buɗe musu ƙofa ba idan suka gan shi.

Ta ce ta sani, sai ya tsaya daga waje. Sannan ta nuna masa kujerun ta ce ya tattara su ya jingine a bango kafin ya tafi, na maƙwabta ne.